BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN LITTAFIN FREE CULTURE DA MATSAYINSA A FAFUTUKAR ƊALIBAI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin dokokin haƙƙin mallaka a ƙasar Amurka. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan littafin Free Culture na Lawrence Lessig, wanda kamfanin Penguin ya buga a watan Maris na shekarar 2004, lokacin da marubucin yake koyar da ilimin shari'a a Jami'ar Stanford. Dalilin zaɓen wannan littafi shi ne, daga gare shi ne ƙungiyar ɗaliban da wannan nazari ya shafa ta samo sunanta. Za a dubi jigonsa da zubi da tsarinsa da salonsa, sannan a auna matsayinsa a fafutukar ɗaliban, a kuma fito da wuraren da ya gaza.

4.1 Jigo da Warwararsa

Babban jigon wannan littafi shi ne faɗakarwa a kan yadda manyan kamfanoni suke amfani da doka wajen ƙuntata wa masu ƙirƙira. Marubucin bai nemi a soke haƙƙin mallaka ba. Abin da ya nema shi ne a mayar wa haƙƙin iyakarsa, domin aiki ya koma mallakar jama'a bayan wani wa'adi, na baya su ɗora a kan abin da na gaba suka bari.

Wajen warware wannan jigo, marubucin ya nuna cewa dokar farko ta shekarar 1790 ta ba mai aiki shekara 14 ne kawai, tare da damar sabuntawa ta wata shekara 14. Amma dokar 1998 ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin da ta tarar, ya zama tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70, ayyukan kamfanoni kuwa shekara 95. Misalin da ya fi ƙarfi a nan shi ne na kamfanin Disney, wanda ya gina finafinansa da dama a kan tsofaffin tatsuniyoyin Turai da ba su da mai su, amma ya kasance cikin masu matsa wa majalisa ta tsawaita wa'adin nasa. Wato ke nan ya sha daga rijiyar gari, sannan ya nemi a rufe bakin tasa.

Daga cikin ƙananan jigogi akwai taruwar kafofin yaɗa labarai a hannun 'yan tsiraru. An nuna cewa bayan dokar sadarwa ta 1996, kamfani guda ya mallaki tashoshin rediyo sama da 1,200, wannan kuwa shi ne Clear Channel. Alaƙar wannan da babban jigo a fili take: idan haƙƙi ya yi tsawo, masu riƙe da shi kuma suka zama kaɗan, to izinin ƙirƙira ya koma hannun waɗannan kaɗan ɗin.

4.2 Zubi da Tsari da Salo

An kasa littafin kashi huɗu masu ɗauke da babi 14. Kashi na farko ya shafi satar fasaha, na biyu dukiya, na uku sarƙaƙiyar da ta biyo baya, na huɗu kuma neman daidaito. Idan aka lura da kyau za a ga cewa yawancin babobin da labarin mutum guda suke buɗewa, sai hujjar shari'a ta biyo baya. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan salon littafin.

Alal misali, babi na uku ya ƙunshi labarin Jesse Jordan, ɗalibi a Cibiyar Fasaha ta Rensselaer, wanda ya gyara wata manhajar bincike ta cikin makarantarsu. A watan Afrilu na 2003 ƙungiyar kamfanonin faifan waƙa ta Amurka ta kai shi ƙara, a ƙarshe ya sasanta da ita a kan dala 12,000, wato duk abin da ya tara. Ɗalibin da ya karanta wannan babi ba ya buƙatar a fassara masa doka, domin kansa ya gani a cikin labarin.

Haka kuma, a babi na 13 marubucin ya mayar da kansa tauraro. Shi ne lauyan da ya ƙalubalanci dokar 1998 a shari'ar Eldred, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Janairu na 2003, alƙalai 7 suka ƙi hujjarsa, 2 suka karɓa. Maimakon ya ɗora wa kotu laifi kacokan, sai ya amsa cewa shi ne ya tsaya a kan ƙa'idar tsarin mulki, bai nuna wa alƙalai cutarwar da dokar take yi ba. Wannan amsa laifi ya ƙara wa littafin ƙima, kuma daga nan ne saƙonsa na ƙarshe ya fito, cewa abin da ya gagara a kotu sai jama'a sun tashi masa.

4.3 Matsayin Littafin a Fafutukar Ɗalibai

Sau da yawa akan ɗauka cewa littafin ne ya haifar da fafutukar ɗaliban. Jerin shekaru bai goyi bayan wannan ba. Tun a shekarar 2003 ɗaliban Kwalejin Swarthmore da ke jihar Pensilbaniya suka sanya a intanet dubban wasiƙun cikin gida na kamfanin Diebold, mai ƙera na'urorin jefa ƙuri'a, waɗanda a cikinsu ma'aikata suke tattauna matsalolin na'urorin. Kamfanin ya aika takardun gargaɗi yana iƙirarin haƙƙin mallaka, hukumar kwalejin ta sa aka cire wasiƙun, ɗaliban wasu jami'o'i kuma suka riƙa kwafar su suna sake sanyawa. Biyu daga cikin ɗaliban, Nelson Pavlosky da Luke Smith, suka shiga cikin masu kai kamfanin ƙara a watan Nuwamba na wannan shekara. A watan Satumba na 2004 alƙali Jeremy Fogel ya yanke cewa kamfanin ya yi amfani da dokar ba bisa gaskiya ba, daga baya kuma kamfanin ya biya dala 125,000.

Ke nan ɗaliban sun riga littafin shiga fage. Abin da littafin ya ba su shi ne suna da harshen bayyana manufa. A watan Afrilu na 2004 aka ƙaddamar da ƙungiyarsu ta ƙasa a Swarthmore, Lessig ya gabatar da lacca a wurin, a 2007 kuma ta ɗauki sunan Students for Free Culture. Bugu da ƙari, an saki littafin kyauta a intanet a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, har masu karatu suka rarraba babobinsa a tsakaninsu suka naɗe shi da muryoyinsu. Za a iya cewa yadda aka fitar da littafin ya zama hujja ta biyu bayan wadda ke cikinsa.

4.4 Naƙasun Littafin

Duk da waɗannan nasarori, littafin bai rasa naƙasu ba. Na farko, salon labari yakan danne gaskiyar shari'a. A gabatarwa an kawo labarin iyalin Causby, manoman da jiragen sama na soja suka jawo mutuwar kajinsu, ta yadda mai karatu zai ɗauka an kayar da su. Alhali a hukuncin 1946, duk da kotu ta ƙi tsohuwar fahimtar cewa mai gona ya mallaki sararin samaniyarta ba iyaka, ta amince sun cancanci diyya. Littafin da ke zargin wasu da murɗe tarihi bai kamata ya bar wannan ba.

Na biyu, marubucin ya hango haɗari daga tsofaffin kamfanonin fim da waƙa da rediyo, ya ɗauki intanet a matsayin mafita. Amma wata guda kafin fitowar littafin aka buɗe Facebook, a 2006 kuma Google ya sayi YouTube a kan dala biliyan 1.65. Ayyukan da jama'a suka riƙa bayarwa kyauta su ne suka gina waɗannan sababbin kamfanoni, taruwar mallakar da littafin ya yi kuka da ita ta dawo da wata riga.

Na uku, a yawancin labaran mai haƙƙi shi ne ƙaƙƙarfa, mai kwafi kuma mai rauni. Marubucin ya la'anci kwafi don kasuwanci, sai dai bai daɗe a kansa ba. Manazarcin da ya san halin marubuta da masu shirya finafinan Hausa na Kano a shekarun 1990, waɗanda suka fitar da ayyukansu da kuɗin aljihunsu masu kwafi suka cinye ribar, zai ga cewa akwai wuraren da lamarin yake a juye.

4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ƙarfin littafin yana ga salonsa na labari, rauninsa ma daga nan ya taso. An kuma ga cewa ya raɗa wa fafutukar ɗalibai suna ne, bai haife ta ba. Dokar 1998 ba ta faɗi ba, domin fim ɗin Steamboat Willie na 1928 bai koma mallakar jama'a ba sai ranar 1 ga Janairu, 2024, bayan cikar shekara 95. Amma shari'ar Diebold ta tabbatar da cewa ana iya hukunta wanda ya yi amfani da haƙƙin mallaka don rufe bakin jama'a a kan al'amarin zaɓe. A babi na gaba za a dubi ayyukan rassan ƙungiyar a jami'o'i.