Katun na Manya a Hannun Matasa

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, uba zai leƙa ɗaki ya ga ɗansa yana kallon zane mai motsi a waya, sai hankalinsa ya kwanta. A wurinsa katun duka ɗaya ne da Tom and Jerry. Amma cikin abin da ake samu a YouTube da wurin masu tura fina-finai a waya akwai katun da aka shirya domin manya. Ya kamata mai kiwon ikilisiya ya san su kafin ya yanke hukunci.

Uku ne suka fi suna, duka daga Amurka. The Simpsons ya fara a 1989, South Park a 1997, Family Guy kuma a 1999. A can ma an sa wa South Park alamar TV-MA, wato na masu shekara 17 zuwa sama, Family Guy kuma TV-14. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba fina-finan da ake shiryawa a nan, amma gutsuren bidiyo da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya bi ta gabanta, ba ya kuma ɗauke da alamar shekaru.

Mu yi musu adalci. Ba'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai su ba jama'a dariya, Gizo kuma maƙaryaci ne mai haɗama, duk da haka da labarinsa aka rene mu. The Simpsons yana kusa da wannan layi. Homer malalaci ne mashayi, amma sau da yawa shirin yakan ƙare da iyalin sun sasanta. Akwai ma fasto a ciki, Lovejoy, wanda ya gaji da aiki, wa'azinsa yana sa mutane gyangyaɗi. Ɗalibin tauhidi zai iya duba kansa a wannan madubi ya amfana.

Matsalar ita ce ba'a tana bukatar mai ji ya san abin da ake yi wa ba'ar. Cartman na South Park yaron firamare ne mai zagi da ƙin Yahudawa, kuma masu shirin sun yi shi ne domin a ga munin wannan hali. Babban mutum da ya san siyasar Amurka zai gane. Yaro ɗan shekara 13 a Tarauni zai ɗauki zagin ya bar ma'anar, gobe ya gwada a kan abokinsa. A garin da maganar addini da ƙabila ta sha jawo asarar rayuka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Family Guy ya fi rauni ta fuskar labari: barkwanci ne a jejjere, na batsa da duka, iyali suna wulaƙanta 'yarsu Meg, mako mai zuwa a sake, babu sakamako. A tatsuniya kuwa dubarar Gizo takan juye masa, ga kuma kaka a zaune tana fayyacewa.

Tacewa kaɗai ba ta isa ba. A 2005 tashar MBC ta nuna The Simpsons da Larabci, Homer ya koma Umar, giyarsa ta koma lemon kwalba. Shirin bai daɗe ba aka daina, gama abin da aka cire yana cikin ƙashin labarin.

Ra'ayinmu shi ne kada a zuba su a kwando ɗaya. South Park da Family Guy ba su dace da yaran sakandare ba. The Simpsons za a iya barin manyan matasa su kalli zaɓaɓɓun sassa tare da iyaye. Fasto da ya hau bagadi ya la'anci abin da bai taɓa gani ba, matasa za su gane, su daina kawo masa tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarar ya matso kusa.

Domin tattaunawa:
1. Me ya raba ba'a mai gyara da ba'a mai raini?
2. Yaya za ka taimaki iyayen da ba su jin Turanci su san abin da 'ya'yansu suke kallo?