Gladiator da sojojin da kyamara ta tsallake

Mai karatu, ran wata Juma'a bayan an tashi daga kasuwar shanu ta Wudil, na faɗa wani gidan kallo kusa da gada, na tarar an sa Gladiator, fim ɗin nan na Ridley Scott da ya fito a 2000. Na sha kallon sa. Amma ana tsakiyar yaƙin farko, inda Russell Crowe ke jan mahaya cikin dajin Jamus, sai wani dattijo da ke gefe na ya ce, "Kai, mutanen Rum ɗin nan yawa gare su!"

Ba laifin sa ba ne, abin da aka nuna masa ke nan. Alhali a zamanin Sarki Marcus Aurelius, wanda ya mutu a 180, aƙalla rabin rundunar Rum ba 'yan ƙasa ba ne. Dakarun taimako ne da aka ɗebo daga ƙasashen da aka ci da yaƙi: maharba daga Siriya, mahaya daga Arewacin Afrika, da Batabiyawa daga inda Holan ta ke a yau. Mutum sai ya yi shekara 25 ya na bauta kafin a ba shi shaidar zama ɗan ƙasa, an rubuta a jikin farantin tagulla. Yawancin dawakin Rum ma su ke hawan su. To, a fim ɗin ka ga kibau, ka ga dawaki, amma darakta bai ba ko ɗaya daga cikin su baki ba. Ɗan Afrika guda da ya samu rol mai tsoka shi ne Juba, wanda Djimon Hounsou ya fito a matsayin sa, shi ma bawa ne. Hoto da sauti kam sai sam barka, ba na ja. Labarin ne ya yi rowa.

Abin da ya fi ci mani rai kuwa na gida ne. Wa ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903? Mu kan ce Nasara. E, Kanar Morland ne ya ja rundunar, amma Turawan da ke cikin ta ba su kai 50 ba, sauran fiye da 700 baƙaƙe ne, da yawan su Hausa su ke ji. Tun 1863 Glover ya fara tara Hausawa a Ikko, galibi bayin da su ka gudo, ya ɗora masu bindiga. Daga baya aka kafa rundunar Afrika ta Yamma a 1897, aka damƙa wa Lugga. Jikokin wannan runduna ne aka kwasa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ka duba irin labarin da ke kwance a nan! Yaro an kama shi bawa, ya gudu, ya dawo da kaki ya na harbin ganuwar garin da watakila uwar sa ke ciki. Maci amana ne ko mai ramuwa? Wasu sun taɓa irin wannan: Ousmane Sembene ya yi Camp de Thiaroye a 1988 kan sojojin Afrika da Faransa ta harbe don sun nemi haƙƙin su, Biyi Bandele ɗan Kafanchan kuma ya rubuta Burma Boy a 2007. Mu kuwa in furodusa ya tashi yin fim ɗin tarihi, sai rawani da algaita da gimbiya.

Na san za a ce kuɗi. Ni ban yarda ba. Ba sai an nuna faɗuwar Kano ba. Soja ɗaya ya isa, zaune a gindin ganuwa daren ranar, ya na jin ana kiran sallar isha'i da muryar da ya sani.