Buju da Kartel: mawaƙa biyu da kasuwar gidan yari

Na san wani zai ce me ya haɗa liman da kiɗan Jamaika. To, shagona yana jingine da na wani yaro mai ɗura wa mutane waƙoƙi a waya, kuma lasifikarsa ba ta shiru sai an kira salla. Ko ban so ba, na ji. Kada kuma in ɓoye muku, ina saurayi na ajiye kaset ɗin Bob Marley da na Majek Fashek, Allah Ya yafe mana. Mu da muka tashi a Kudu, buroka ta sa rabin maganar 'yan Jamaika tana shiga kunnenmu.

Mutum biyu ne samarin unguwar nan suka fi ambata, Buju Banton da Vybz Kartel. Dukansu 'yan dansihol ne, wato ƙanen kiɗan rege mai saurin duka, inda mawaƙa da yawa ke hawa kiɗa guda kowa ya zuba nasa baitin. Dukansu kuma sun yi zaman gidan yari. Abin da ya dame ni, zaman nan shi yaranmu suka fi riƙewa, kamar wata sarauta.

Buju ya fara tun yana yaro da waƙoƙin mata da bindiga, da wata murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Da aka kashe abokansa mawaƙa, sai ya yi "Murderer" a 1993, yana tuhumar masu kisa. A 1995 ya fito da faifan 'Til Shiloh, bayan ya shiga aƙidar Rasta. Aƙidar ba tawa ba ce, ba kuma zan yi mata ado ba. Amma aikin, gaskiya aiki ne. A "Untold Stories" ya sauke ganguna, ya bar jita da muryarsa, yana maganar tsadar kaya da talakan da kuɗinsa ke ƙarewa kafin ya kai gida. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kallon mace tana mayar da rabin mudu saboda kuɗi bai kai ba, zai gane waƙar nan ko bai ji kalma ɗaya ba. Muryar da a da take tsoratarwa, a nan roƙo take yi.

Sai ga shi a Disamban 2009 an kama shi a Amurka kan hodar ibilis. A Fabrairun 2011 aka ba shi kyautar Grammy, a cikin watan kuma kotu ta same shi da laifi. Mai wa'azin talaka ke nan. Ya fito a ƙarshen 2018, a Maris na 2019 babban filin wasa na Kingston ya cika don ganinsa. Na saurari abin da ya yi bayan fitowarsa. Ba laifi, amma ban ji wanda ya kamo ƙafar na 1995 ba.

Kartel kuwa, a ba shi haƙƙinsa, gwanin harshe ne. Yana jera kalmomi yana murɗa su yadda marigayi Shata ke murɗa zambo, sai dai abin da ke ciki ba ya faɗuwa a gaban surukai. Gabarsa da Mavado, ɓangaren Gaza da na Gully, ta kai yara suna faɗa a makarantu, har a 2009 ofishin Firayim Minista ya kira su sulhu. An tsare shi a 2011, aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan kisa a 2014. Yana ciki waƙoƙinsa suna ta fitowa, kasuwarsa tana ƙara tashi. A 2024 kotun ƙoli da ke Landan ta soke hukuncin saboda matsalar da aka samu a cikin masu taya alƙali yanke hukunci, aka sake shi a Yuli. Tunda kotu ta soke, ba ni da bakin cewa ya yi. Abin da na ji da kunnena shi nake auna masa: baiwa mai yawa, an kashe ta a kan batsa da kirarin bindiga. Mu ma mun yi Gambu mai waƙar ɓarayi, mun san daɗin baki ba ya wanke abin da ake yabo.

Ran nan na ce wa maƙwabcin nawa ya sa mini "Untold Stories". Ya laluba wayarsa, ya laluba kwamfutarsa, ya ce, "Malam, wannan ba a tambayarta." Na Kartel kuwa ya fi ɗari, kuma ya san ranar da aka sake shi kamar ranar sunan ƙanensa. Na ce ya nemo mini, zan biya. Yau kwana tara.