Zanen Duwatsun Pueblo: Gado Ne Mai Magada

A yammacin birnin Albuquerque na jihar New Mexico ta Amurka akwai wani gangaren baƙaƙen duwatsu, ragowar aman wuta, mai tsawon kimanin kilomita 27. A jikinsu an sassaƙa zane fiye da 20,000: tafin hannu, tsuntsaye, macizai, taurari da fuskoki. Kusan kashi 90 cikin 100 aikin kakannin al'ummomin Pueblo ne, 'yan asalin yankin, akasari daga wajen 1300 zuwa ƙarshen ƙarni na 17. Mai sassaƙa kan ƙwanƙwasa dutse da dutse har baƙar fatar saman ta ɓare, hasken ciki ya fito. A 1990 gwamnatin Amurka ta keɓe wurin don adanawa. Sai dai kuskure ne a ɗauki zanen a matsayin kufan mutanen da suka shuɗe. Gado ne da magadansa ke raye, kuma su ya fi cancanta a fara saurara.

Tarihin zanen tafe yake kafaɗa da kafaɗa da tarihin mutanen. Ya yawaita ne bayan farin da aka yi a ƙarshen ƙarni na 13, lokacin da jama'a suka bar yankin Mesa Verde, da yawansu suka gangaro kwarin kogin Rio Grande. Ya ja baya kuma a zamanin mulkin Sifaniyawa, waɗanda suka fara isowa a 1540, daga baya suka danne addinin gargajiya har wani ɗan Pueblo mai suna Popé ya jagoranci boren 1680. Abin da ke bunƙasa da taruwar jama'a, ya dushe da danne ibadarsu, ai ba ado ba ne kawai. Muhallin zanen ma yana cikin ma'anarsa. A tsaunin Fajada da ke kwazazzabon Chaco, a da hasken rana yakan ratsa tsakanin fale-falen duwatsu uku ya sauka kan wani murɗaɗɗen zane, yana nuna juyawar yanayin shekara. A Tutuveni ta Arizona kuwa, 'yan Hopi masu tafiyar ɗebo gishiri sun bar dubban tamburan zuriyoyinsu, shaidar wucewarsu. Wanda ya raba irin wannan zane da wurinsa ya tafi da rabin magana.

Mai ja zai ce shekara 700 ba kwana kaɗan ba ce, ruwayar baka na sauyawa, kuma dattawan Pueblo kan ɓoye wasu ma'anoni, alhali ilimi na kowa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin masana tarihin ƙasa da na kufai ne suka daidaita mana shekarun nan. Amma awo na iya faɗin yaushe da yaya, ba ya faɗin don me. Idan ruwayar jikoki na da giɓi, hasashen baƙo ya fi ta giɓi. Sirrin kuwa bai kamata ya ba kowa mamaki ba wajen mutanen da aka taɓa yi wa bulala saboda ibadarsu.

Illar raina muryarsu ta bayyana lokacin da aka ratsa gangaren na Albuquerque da titin Paseo del Norte duk da adawar shugabannin Pueblo. Al'ummomin Pueblo 19 na New Mexico da Hopi na Arizona suna nan da harsunansu da bukukuwansu. Duk nazari ko aikin gini da ya tsallake su, zalunci ne kuma tauye ilimi ne.