Raha da Ƙa'idojin Ba da Labari a Wasan 'Yan Sanda na Talabijin: Nazarin Brooklyn Nine-Nine

1. Gabatarwa

Tun da daɗewa masu tsara wasan kwaikwayo suka gane cewa ma'aikatar da a ke sanya kayan sarki wuri ne mai albarkar ban dariya. Dalili kuwa a fili ya ke: duk inda aka jera mutane bisa muƙami, aka ɗora musu doka mai tsauri, to, ɗan ƙaramin kuskure ma ya kan zama abin kallo. Masu kallo a Arewacin Nijeriya sun san haka daga wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, inda zaman soja da Hausar bariki suka zama jarin raha. A Amurka kuwa caji ofis ne ya samu irin wannan matsayi, kamar yadda aka gani a wasan Barney Miller, wanda aka nuna daga 1975 zuwa 1982.

Wannan takarda za ta dubi Brooklyn Nine-Nine, wasan da Dan Goor da Michael Schur suka ƙirƙiro, aka fara nuna shi a tashar Fox cikin Satumba 2013, ya koma NBC bayan Fox ta dakatar da shi a 2018, ya ƙare cikin Satumba 2021 da zango 8 da kashi 153. Manufar ita ce a nuna cewa ƙa'idojin da su ke haifar da dariya a wasan, su ne kuma suka yi masa iyaka game da abin da zai iya faɗa a kan aikin ɗan sanda.

2. Taurari masu hali guda

Wasan yana gudana ne a wani ƙagaggen caji ofis mai lamba 99 a Burukilin, cikin birnin Niyok. Kowane tauraro an ɗora shi a kan hali guda wanda mai kallo zai riƙe tun daga kashin farko. Jake Peralta ɗan sandan ciki ne mai basira da halin yara. Amy Santiago mai son tsari ce da neman yabon na gaba. Rosa Diaz mai zafin rai ce da ɓoye sirri. Saje Terry Jeffords ƙato ne mai taushin zuciya. Hitchcock da Scully kuwa tsofaffin ma'aikata ne da ba su da aiki sai ci da barci. A bisansu duka akwai Kyaftin Raymond Holt, wanda marigayi Andre Braugher ya fito a matsayinsa.

Mai nazarin tatsuniya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da zarar an ambaci Gizo ko Kura, mai sauraro ya riga ya san wayo ko kwaɗayin da zai biyo baya. Daɗin labari yana cikin ganin yadda sanannen hali zai ɓullo a sabon yanayi. Amfanin wannan ƙa'ida ga wasan da bai wuce minti 22 ba shi ne tsimin lokaci, gama ba a bukatar gabatar da kowa sau biyu.

3. Raha ta hanyar harshe

Mafi ingancin barkwancin wasan ya taso ne daga karon salon magana biyu. Holt yana magana da cikakkiyar jimla, da zaɓaɓɓun kalmomi, da murya wadda ba ta hawa ba ta sauka, har saƙon wayar hannu ma ya kan rufe shi da cikakken sunansa kamar wasiƙar ofis. Peralta kuwa mai gutsure kalmomi ne, mai sara, mai nanata kalma guda idan ya rikice. Watau ɗaya yana amfani da harshen hukuma a inda a ke zaton na hira, ɗayan kuma yana kawo na hira inda a ke zaton na hukuma.

Abin lura ga masanin harshe shi ne, Ingilishi yana dogara ƙwarai ga hawa da saukar murya wajen nuna yanayin zuciya. Saboda haka in Holt ya ce yana cikin matuƙar farin ciki, alhali muryarsa da fuskarsa ba su motsa ba, ma'anar kalma da amon furuci sun saɓa wa juna, daga saɓanin nan ne dariya ke fitowa. Tun da ya ke kuma ba a sa sautin dariyar 'yan kallo a wasan ba, shirun da ke bin maganar Holt shi ne alamar da a ke ba mai kallo. Marubutan sun yi tattalin wannan jari: sun bar shi ya ɗaga murya jefi-jefi kawai, don haka kowace ɗagawa ta zama abin tunawa.

4. Ƙa'idojin gina labari

Ƙa'idoji uku ne suka fi fitowa. Ta farko ita ce share fage, watau ɗan gajeren wasa kafin sunan shiri ya bayyana, wanda galibi ba shi da alaƙa da labarin ranar. Aikinsa ya yi kama da na mabuɗin tatsuniya, domin yana sanar da mai kallo cewa an shiga duniyar da ba a auna ta da ma'aunin yau da kullum. Ta biyu ita ce raba kashi zuwa labari biyu ko uku masu tafiya tare, a ɗaure su duka kafin a tashi. Ta uku ita ce al'adar shekara-shekara: gasar sata ta daren Halowin, inda ma'aikatan ofis ke ƙoƙarin sace wani abu daga hannun juna, da kuma dawowar Doug Judy, ɓarawon mota wanda Peralta ke farauta kuma ya ke ƙauna.

Gasar satar tana da nata tsari: a shimfiɗa dabara, a nuna kamar ta rushe, sa'an nan wanda ya ci ya tsaya ya warware yadda ya yi. Peralta ya ci ta farko, Holt ta biyu, Santiago ta uku, Gina Linetti ta huɗu. Da masu kallo suka haddace tsarin, sai a zango na 5 aka karkatar da shi, gasar ta zama hanyar da Peralta ya nemi auren Santiago. Wannan ya nuna cewa karya ƙa'ida ba ya tasiri sai an daɗe ana kiyaye ta.

5. Inda ƙa'ida ta yi iyaka

Akwai wani share fage na 2018 da ya shahara ƙwarai. An jera mutum biyar da a ke tuhuma, wata mata ta ce ba ta ga fuskar mai laifin ba amma ta ji shi yana rera wata waƙar Backstreet Boys. Peralta ya sa su rera ɗaya bayan ɗaya, daɗin waƙa ya kwashe shi har ya shiga amshi. Sai matar ta ce na biyar ne ya kashe ɗan'uwanta. Dariyar tana zuwa ne domin mai kallo, kamar Peralta, ya manta da gawa. A nan sharaɗin wasan ya fito sarari: dole laifi ya zama wasa ƙwaƙwalwa, wanda aka zalunta kuma ya tsaya a gefe.

Haka abin ya ke a kashin da a ke kira The Box, na 2018, inda Holt da Peralta suka kwana suna yi wa wani likitan haƙori tambayoyi. An gina shi da gwaninta, ɗaki guda da mutum uku, har aka kai ga Peralta ya tsokani girman kan likitan ya amsa laifi da bakinsa. Amma mai kallo yana jin daɗin matsin ne saboda labarin ya ba shi tabbacin cewa 'yan sandan nan ba su kama marar laifi ba. In aka cire tabbacin nan, abin da ya rage ba abin dariya ba ne.

Marubutan ba su jahilci matsalar ba. Holt baƙar fata ne kuma ɗan luwaɗi, tun kashin farko aka nuna wariyar da ya sha a rundunar. A kashin Moo Moo na 2017, wani ɗan sanda farar fata ya tsare Jeffords a unguwarsa saboda launin fatarsa. Holt ya fara hana shi kai ƙara don gudun lalacewar aikinsa, daga baya ya goyi bayansa, Jeffords kuma ya rasa muƙamin da ya ke nema. Duk da haka, mugun ɗan sanda kullum baƙo ne daga wani ofis. 'Yan ofis na 99 an ɗauke su tamkar 'yan gida ɗaya, tsiyar da su ke yi wa juna kuwa irin ta taubasai ce, wadda ba ta ɓata zumunci.

Bayan kisan George Floyd a hannun ɗan sanda a Miniyapolis cikin Mayu 2020, Terry Crews, mai fitowa a matsayin Jeffords, ya bayyana cewa an watsar da kashi huɗu da aka riga aka rubuta. A zangon ƙarshe mai kashi 10, Diaz ta ajiye aiki, an dakatar da Peralta kan kama marar laifi, shugaban ƙungiyar 'yan sanda ya zama abokin gaba. Niyyar mai kyau ce, amma salon ya yi ɗingishi, domin ƙa'idar ɗaure labari cikin minti 22 ba ta iya ɗaukar matsalar da ba ta da warwara a kusa. Ba mamaki da aka rufe wasan da gasar sata, watau aka koma ga laifin da ba ya cutar da kowa.

6. Kammalawa

Brooklyn Nine-Nine ya ƙware wajen sarrafa hali, da salon magana, da maimaici, kuma ya cancanci lambobin Golden Globe biyu da ya samu a 2014. Darasin da ya bar wa malamin adabi shi ne, bayan an koya wa ɗalibi gano ƙa'idojin labari, ya kamata a koya masa tambayar wane ne ƙa'idar ta ba baki, wane ne kuma ta bari a bakin ƙofa. Tambayar tana da amfani ga tatsuniyar Gizo, tana da amfani ga wasan Samanja, haka kuma ga kowane wasa da ke neman mai kallo ya yi dariya tare da masu iko.