Mawaƙi da Gidan da Ya Raine Shi: Sharhi a kan Makaɗan Memfis

A kudancin Amurka, cikin jihar Tenesi, akwai wani birni a bakin kogin Misisipi ana ce da shi Memfis. Tsakanin 1960 da 1975 wani ƙaramin kamfanin faifai na wannan birni, mai suna Stax, ya fitar da mawaƙan da sunansu ya game duniya. Masu sharhi sun saba ɗaukar mawaƙan nan ɗai-ɗai, su yabi muryar wannan, su jinjina wa hazaƙar wancan. Ni a ganina wannan hanya ba ta kai ga gaci ba, domin in aka bi tarihinsu za a tarar ɗaukakar yawancinsu a ɗaure take da ɗaki guda da makaɗan da ke zaune cikinsa.

Jim Stewart ne ya kafa kamfanin cikin 1957, 'yar'uwarsa Estelle Axton ta jinginar da gidanta ta kawo kuɗi. Cikin 1960 suka koma wani tsohon gidan silima a titin McLemore, suka cire kujeru, amma suka bar daɓen a gangare yadda yake. A nan makaɗan gida suka zauna, watau Booker T. Jones mai ogan, da Steve Cropper mai jita, da Al Jackson mai ganga, daga baya Donald Dunn ya karɓi jitar nan mai kaurin murya. Biyu baƙar fata, biyu farar fata, a garin da a zamanin ba a yarda su ci abinci wuri ɗaya ba. Ba safai suke rubuta kiɗa a takarda ba. Mawaƙi ya zo da waƙarsa, a yi ta gwadawa har ta zauna, kana a ɗauka gaba ɗaya.

To, bari mu dubi Otis Redding, wanda ya fi su duka suna. Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a waƙarsa. Hausa harshe ne mai karin sauti: kalmar "baba" tana iya nufin uba, ko inna, ko shuni, gwargwadon gaɓar da aka ɗaga da wadda aka saukar, saboda haka mawaƙin Hausa ba ya sakin kalma yadda ya ga dama. Turanci ba shi da wannan takunkumi, Redding kuwa ya ci moriyar haka iyakar ci. Yakan kama gaɓa guda ya ja ta, ya karya ta, ya maimaita ta, har ta bar zama kalma ta koma bugun ganga. Amma fa wannan dabara ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai da masu busa ƙaho suna amsa masa kamar 'yan amshi, da Al Jackson yana riƙe da lokaci ba ya gaggawa. A waƙar "Try a Little Tenderness" ta 1966, muryar ta fara a sanyaye, ganga ce ke tura ta sannu sannu har ta kai ga kururuwa. Muryarsa ba mai faɗi ba ce ƙwarai, a wasu waƙoƙinsa masu sauri ma har maganar takan ɓace cikin haki. Makaɗan ne ke rufa wannan asiri.

Wani zai ce ai ba a gwada Redding a wani gida ba, gama ya rasu yana da shekara 26, ran 10 ga Disamba, 1967, sa'ad da jirginsa ya faɗa wani tafki kusa da Madison. Gaskiya ne. Amma an gwada Sam Moore da Dave Prater. Su mawaƙan kamfanin Atlantic ne na birnin New York, aka ba Stax aronsu, Isaac Hayes da David Porter suna tsara musu waƙoƙi, cikinsu har da "Soul Man" ta 1967. Cikin 1968 kamfanonin biyu suka raba gari. Stewart ya tarar yarjejeniyar da ya sa wa hannu cikin 1965 ta mallaka wa Atlantic faya-fayan da aka yi a ɗakinsa, Atlantic kuma ta janye mawaƙanta biyu. Muryoyinsu ba su sake ba, amma ba su ƙara yin waƙar da ta kama ƙafar na Memfis ba.

Sha'anin Isaac Hayes ya ɗan saɓa wa hujjata, ba kuwa zan ɓoye ba. Faifansa na 1969, Hot Buttered Soul, ba a tsohon gidan silimar aka ɗauke shi ba, kuma waƙoƙi huɗu ne kawai a cikinsa, ɗaya ta haura minti 18, tsawon da ni kaina nake ganin ya yi yawa. Duk da haka ya karɓu, cikin 1972 kuma ya sami lambar Oscar saboda waƙar fim ɗin Shaft. Sai dai a tuna Hayes ɗan gida ne, ya yi shekaru yana kaɗa fiyano a bayan waɗansu kafin ya fito gaba, watau ya tafi da gidan a cikin kansa.

Masu kaɗa masa a faifan nan su ne Bar-Kays, samarin da huɗu daga cikinsu suka mutu a jirgi ɗaya da Redding. Ben Cauley, wanda shi kaɗai ya tsira daga tafkin, da James Alexander, wanda bai shiga jirgin ba, suka sake haɗa ƙungiyar, suka karkata ga kiɗan fank mai nauyin ganga. Stax ta karye a ƙarshen 1975, aka rushe ginin cikin 1989, sai 2003 aka buɗe gidan tarihi a filin. Bar-Kays kuwa suka koma kamfanin Mercury cikin 1976, suka ci gaba da fitar da faya-fayan da ake saye har cikin shekarun 1980.