Maƙeran zinariya na birnin Fas

Jan zinariya ta zama zare aiki ne da ba ya son gaggawa, kuma a birnin Fas na Maroko Yahudawa ne suka kasance gwanayensa a ƙarnonin baya. Maƙeri zai narka azurfa ya zuba ta siririyar sanda, ya lulluɓe ta da zinariyar da aka buge ta yi falen-falen. Sai ya kawo farantin ƙarfe mai jerin ramuka, kowane rami ya fi na gabansa ƙanƙanta, ya cusa bakin sandar, ya kama da awartaki ya ja. Daga wannan rami zuwa wancan tana ƙara tsawo tana sirancewa, amma rufin zinariyar bai rabu da ita ba. Gwanintar tana wajen sanin lokacin da ƙarfen ya gaji. In ya yi tauri a hannu, dole a mayar da shi wuta ya yi laushi, in ba haka ba ya tsinke, aikin yini ya tafi. Daga ƙarshe a daddale shi, a naɗe a jikin alharini, a yi wa sirdi da alkyabbar sarakuna ado.

Matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda ya kammala littafinsa a 1526, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Zamfara a ciki, ya ce yawancin maƙeran zinariyar Fas Yahudawa ne, domin Musulmi na gudun sayar da zinariya fiye da nauyinta kada su faɗa cin haramtacciyar riba. A wancan zamanin zaman amana Yahudawan suke yi: suna biyan jiziya, suna da alƙalansu, an kuma bambanta tufafinsu. Tun wajen 1438 unguwarsu, Mallah, tana maƙwabtaka da fadar sarki. Amanar ba kullum take riƙuwa ba. A Tuwat, cikin Sahara, Shehu Magili ya sa an rushe wurin ibadar Yahudawan can kafin zuwansa Kano zamanin Muhammadu Rumfa.

Zinariyar da suke ja kuwa daga ƙasashenmu na baƙar fata take hawa raƙuma a lokacin, ta bi garin Sijilmasa ta isa Fas. Yau ma ta Anka da Maru ɗanya take fita. Maƙeran farfarunmu na Gurbin Ɓore da Ƙaura da Shinkafi sun san wuta, sun san guduma. A ba su kayan aiki da jari, a tura musu yara su koya.